Guntun Gatarinka Ya Fi Sari Ka Ba Ni

Ranar 14 ga watan Oktoba na shekarar 2025 kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka ya daina kula da manhajarsa mai suna Windows 10, wadda ta yi shekara goma tana tafiyar da na'urorin kwamfuta a ofisoshi da makarantu ko'ina a duniya. A wannan rana kuma ya janye hannunsa daga Office 2016 da Office 2019, waɗanda akawuna ke buga wasiƙu da lissafin albashi da su. An yanke wannan shawara ce a hedkwatar kamfanin da ke Redmond, cikin Jihar Washington, amma hukuncinta ya hau kan kowace na'ura mai ɗauke da wannan manhaja, ko tana Sakatariyar J.B. Yakubu a Gusau, ko ofishin ma'ajin ƙaramar hukumar Tsafe, ko ɗakin shugaban makarantar sakandare a Bungudu. Babu wanda ya tuntuɓi Majalisar Dokokin Jihar Zamfara, babu wanda ya nemi jin ta bakin Shugaban Ma'aikata, kuma bisa ƙa'idar cinikin babu wanda ya wajaba a tuntuɓa. Wannan al'amari ya isa ya sa ma'aikacin gwamnati da ɗalibi su tsaya su tambayi kansu: na'urar da aka saya da kuɗin jama'a, wa ke da iko da ita?

Ya kamata a fahimci ma'anar wannan janyewa, domin na'urorin ba su mutu a ranar ba. Suna nan suna kunnuwa, suna buga takardu kamar jiya. Abin da ya tsaya shi ne gyare-gyaren da kamfanin ya saba aikowa kyauta kowane wata domin toshe kafofin da ɓarayin intanet ke bi su shiga na'ura. Gidan da aka daina yi wa yaɓe ba ya faɗuwa ran nan, amma kowace damina tana cin rabonta. Duniya ta ga misalin haka a watan Mayu na 2017, lokacin da wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bi ta wata kafa ta Windows da mutane da yawa ba su toshe ba, ta kulle na'urori a ƙasashe kimanin 150, har asibitocin gwamnati a Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. In haka ta faru ga ƙasar da ke da ƙwararru jibge, ba a buƙatar dogon tunani kafin a gane abin da zai iya samun ofishin da ke ajiye sunayen 'yan fansho a na'ura guda ɗaya tak.

Hanyoyin da kamfanin ya bar wa mai na'ura uku ne. Ko ya koma Windows 11, wadda ba ta yarda ta hau na'ura sai mai wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0 da kuma ƙwaƙwalwa ta ƙirar baya-bayan nan, abin da ya fid da tarin na'urori na hannu masu ƙoshin lafiya irin waɗanda ɗalibai da ƙananan ofisoshi ke iya saye. Ko ya biya kuɗin ƙarin wa'adi, wanda aka yanka wa hukumomi da kamfanoni Dala 61 a kan kowace na'ura a shekarar farko, kuma kuɗin na ninkawa kowace shekara har shekara uku. Ko kuwa ya zauna haka nan ya dogara ga sa'a. Hanyoyi biyun farko da Dala ake binsu, kuma kowa ya san abin da ya sami Naira: a farkon 2023 farashin gwamnati bai wuce Naira 460 da 'yan kai a kan Dala ɗaya ba, amma cikin 2024 ya haura Naira 1,500. Jihar da ta kafa dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Nuwamba na 2023 tana da wuraren sa kuɗi da suka fi jefar da na'urori masu aiki.

Tushen matsalar yana cikin irin cinikin da ake yi tun farko. Mai sayen irin wannan manhaja bai saye ta ba, izinin amfani da ita kawai ya saya, bisa sharuɗɗan da kamfani ya rubuta shi kaɗai, waɗanda galibin mutane ke danna alamar amincewa da su ba tare da sun karanta layi ɗaya ba. Rubutun asali da aka gina manhajar da shi, wanda ke nuna abin da take yi da yadda take yinsa, a kulle yake wurin kamfanin. Injiniyan gwamnati ba shi da damar dubawa, balle ya gyara, balle ya ba ofishin maƙwabta kwafi. A 'yan shekarun nan kuma cinikin ya ƙara canzawa, ya koma haya ta wata-wata ko ta shekara-shekara, takardun kuma ana ajiye su a manyan rumbunan kamfanin da ke wasu ƙasashe. Ranar da kuɗin haya ya yanke, ƙofa ta fara rufuwa. Manomin Bungudu ya san bambancin gonar gado da gonar aro, ya kuma san cewa mai hankali ba ya kafa rumbunsa a gonar da za a iya karɓewa da kaka. Abin mamaki ne a ce abin da manomi ya sani ya ɓace wa ofishi.

Daga cikin jihohin ƙasar nan babu wadda ta kai Zamfara sanin ɗacin zama makunni yana hannun wani. Ranar 3 ga Satumba, 2021, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta umarci kamfanonin waya su kashe dukkan turakunsu a jihar, bisa roƙon gwamnatin jiha ta lokacin a ƙarƙashin Gwamna Bello Matawalle, domin a sami damar yaƙar 'yan bindiga. Da farko an ce mako biyu ne. Gusau ba ta sami layi ba sai ranar 1 ga Oktoba, sauran ƙananan hukumomi kuwa, har da Tsafe da Bungudu, ba a ba da umarnin maido musu ba sai ƙarshen Nuwamba. Wannan mataki na hukuma ne, an kuma ɗauke shi ne saboda tsaron rayuka, don haka ba laifin wani kamfanin ƙetare ba ne. Amma darasin da ya bari ya shafi zancen nan kai tsaye. A cikin waɗannan makonni masu sana'ar cirar kuɗi sun nade tabarma, ɗalibai masu neman cike takardun makaranta sun riƙa tafiya wasu jihohi, kuma duk ma'aikacin da takardarsa ke wani rumbu a bayan teku ya wayi gari ba shi da ita. Wanda ya ci gaba da aiki shi ne wanda takardunsa da manhajarsa ke cikin na'urar da ke gabansa.

Kada a ɗauka hukumomin gida ne kaɗai ke iya kashe makunni. A watan Oktoba na 2019 kamfanin Adobe ya sanar da masu amfani da kayansa a ƙasar Venezuela cewa zai rufe musu asusu, saboda takunkumin da gwamnatin Amurka ta ɗora wa ƙasarsu. Daga baya ya sami izini na musamman ya fasa, amma masu zane da masu buga littattafai na can sun riga sun gane cewa kayan sana'arsu na rataye ne a kan sa hannun shugaban wata ƙasa. A nan gida ma, cikin watan Yuni na 2021 kamfanin Twitter ya goge wani saƙo na Shugaba Muhammadu Buhari, Gwamnatin Tarayya kuma ta mayar da martani da dakatar da shi har zuwa 13 ga Janairu, 2022. Ko wane ɓangare mutum ya ga yana da gaskiya, wanda ya kwana ciki shi ne ɗan kasuwa da ɗalibin da suka gina hulɗarsu a kan dandalin da ba su da ko taku ɗaya a cikinsa.

Rashin amincewar da jama'a ke nuna wa manyan kamfanonin fasaha ba zargi ne maras tushe ba. A watan Yuli na 2024 Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya, wato FCCPC, bayan bincike na wata 38, ta ci tarar kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp da Instagram, Dala miliyan 220. Hukumar ta ce kamfanin ya yi amfani da bayanan 'yan Nijeriya ba da yardarsu ba, ya hana su ikon zaɓar abin da za a yi da bayanan, ya kuma yi musu abin da ba ya yi wa mutanen wasu ƙasashe masu dokoki irin na nan. Kamfanin ya musanta, ya ɗaukaka ƙara, amma kotun musamman ta tabbatar da tarar ranar 25 ga Afrilu, 2025. Bayan haka aka ji ya shaida wa kotu cewa tarar da hukumomi daban-daban suka ɗora masa na iya tilasta masa rufe Facebook da Instagram a Nijeriya. Bai rufe ba, amma furucin kaɗai ya isa ishara. Tun kafin wannan, a 2018, asiri ya tonu cewa kamfanin Cambridge Analytica ya kwashi bayanan mutanen da yawansu zai kai miliyan 87 daga Facebook, kuma jaridun Ingila sun ruwaito cewa ya sa hannu a yaƙin neman zaɓen Nijeriya na 2015.

Dattawan Gusau ba za su ga wannan tsari baƙo ba. Garin ya bunƙasa ne da auduga da gyaɗa bayan da layin dogo ya ratsa shi ya kai Kaura Namoda a 1929. Manomi ya noma auduga, kamfanin Turawa ya auna ta bisa farashin da shi ya yanka, aka gurje ta, jirgin ƙasa ya kai ta bakin teku, sannan ta dawo a matsayin yadi da tsadar da manomin ba shi da ta cewa a kanta. Don a karya wannan ne aka kafa masaƙa a Gusau, don haka kuma Gwamnatin Tarayya ta yi dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa a 1972 da 1977. Audugar wannan zamani ita ce bayanan jama'a: sunayensu, lambobinsu, wuraren da suke zuwa, abin da suke saye da wanda suke magana da shi. Ana kwasarta kyauta, a sarrafa ta a waje, a dawo a sayar wa masu talla. Kamfani dai riba ya fito nema, ba a kuma zarginsa don ya nemi riba. Abin zargi shi ne mai saye da ya ga wata hanya a buɗe ya ƙi ko leƙa ta.

Hanyar kuwa tana nan fiye da shekara arba'in. Wani masanin kwamfuta mai suna Richard Stallman, lokacin yana aiki a jami'ar MIT ta Amurka, ya nemi rubutun asali na manhajar wata na'urar buga takardu da ke yawan cushewa, don ya gyara ta yadda za ta riƙa sanar da ma'aikata, aka hana shi. Irin wannan hani ne ya sa a watan Satumba na 1983 ya ƙaddamar da shirin GNU, ya kafa gidauniyar manhaja mai 'yanci a 1985, ya kuma fito da lasisin GPL a 1989. A 1991 wani ɗalibi a ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya rubuta zuciyar manhajar da ake kira Linux, aka haɗa ta da kayan GNU, aka sami cikakken tsarin tafiyar da kwamfuta wanda ba mallakar kowa ba ne shi kaɗai. Manhaja tana zama mai 'yanci ne in ta ba mai ita abu huɗu: ya yi amfani da ita ga duk abin da ya ga dama, ya karanta rubutunta na asali ya canza shi, ya ba wani kwafi, ya kuma raba gyaran da ya yi domin kowa ya amfana. Zancen na 'yanci ne kafin ya zama na farashi. Kamar irin gero na gida ne, wanda manomi ke zaɓa daga amfanin gonarsa ya ajiye, ya shuka baɗi, ya ɗiba ya ba maƙwabci, ba sai ya koma kanti neman izini ba.

Mai cewa wannan mafarkin malaman jami'a ne bai duba kusa da shi ba. Kowace wayar Android da ke aljihun mutanen Tsafe a kan zuciyar Linux aka gina ta, ko da yake kamfanin Google ya lulluɓe ta da kayansa na kulle. Alkaluman da jami'an lafiya na ƙananan hukumomi ke turawa kowane wata, na rigakafi da haihuwa da zazzaɓin cizon sauro, suna shiga ne cikin DHIS2, manhaja mai 'yanci da Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ke jagorantar gininta, wadda Nijeriya da ƙasashe sama da 70 suka ɗauka. Ke nan ma'aikatan Zamfara sun daɗe suna aiki da irin wannan manhaja, wasunsu ba tare da sun san sunan abin ba. A waje kuwa, Jihar Kerala ta Indiya ta fi shekara goma sha biyar tana koyar da yaran makarantun gwamnati da manhaja mai 'yanci. Rundunar jandarmomin Faransa ta mayar da dubun-dubatar na'urorinta kan Linux tun daga 2008. A watan Afrilu na 2024 Jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta sanar da mayar da na'urori kimanin 30,000 na ma'aikatanta kan LibreOffice da Linux, kuma dalilin da ta fi jaddadawa shi ne ikon jiha a kan bayananta.

Nijeriya ma ta taɓa zuwa bakin wannan ƙofa. A watan Oktoba na 2007 aka ƙulla cinikin ƙananan na'urori 17,000 ƙirar Intel Classmate domin makarantu, ɗauke da Linux na kamfanin Mandriva na Faransa. Ba a jima ba labari ya fito cewa za a goge Linux ɗin a ɗora Windows, har shugaban Mandriva, François Bancilhon, ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugaban Microsoft na lokacin, Steve Ballmer, yana kukan yadda aka yi. Microsoft ya ce bai saɓa wa kowace doka ba, asusun gwamnati na USPF da ke biyan kuɗin 11,000 daga cikin na'urorin kuma ya ce shi Linux ɗin yake so. Abubuwa biyu ne abin lura a wannan labari. Na ɗaya, manyan kamfanoni sun san darajar ɗan makaranta, domin abin da yaro ya koya da shi yana ƙarami shi zai nema in ya zama babban sakatare. Na biyu, kamfanin Mandriva ya rushe a 2015, amma manhajarsa ba ta bi shi kabari ba, domin wasu sun ɗauki rubutunta sun ci gaba da ita da sunan Mageia da OpenMandriva. Manhajar kulle ba ta da irin wannan gado.

Gaskiya ta wajabta a faɗi wahalar da ke ciki. Birnin Munich na Jamus ya yanke shawarar komawa Linux a 2003, ya mayar da na'urori kusan 15,000, sannan a 2017 majalisar birnin ta zaɓi komawa Windows, bayan korafe-korafen ma'aikata da canjin shugabanci. Manhaja mai 'yanci ba ta rasa kurakurai, ita ma tana bukatar gyara a kan kari, kuma in ba a biya kuɗin lasisi ba za a biya kuɗin horo da albashin ƙwararru. Akawun da ya yi shekara ashirin hannunsa ya saba da wuri ɗaya ba zai ji daɗin canji a makon farko ba. Akwai kuma wasu ayyuka na musamman da har yanzu manhajarsu sai a kan Windows take tafiya. Daɗin daɗawa, babu manhajar da ke maganin rashin wutar lantarki ko ta maido da layin da aka kashe. Sai dai akwai bambanci tsakanin kuɗin da ke tafiya Redmond da kuɗin da ke shiga aljihun matashin da ya gama Jami'ar Tarayya ta Gusau ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Kaura Namoda. Na farko ya tafi ke nan, na biyu kuwa yana zagayawa a kasuwar Gusau, ya kuma bar ilimi a gida.

Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa a fili ba, ko da yake duk mai shiga shagunan gyaran kwamfuta ya san shi. Na'urori da yawa a ƙasar nan suna tafiya ne da manhajar da aka kwafa ba da izini ba, aka fasa makullinta. Mai yin haka yana ganin ya ci banza, alhali ya haɗa wa kansa asara biyu: ya karya doka, ya kuma buɗe ƙofarsa ga duk wanda ya fasa makullin, domin babu wanda ya san abin da aka cusa a ciki. Bai dace ofishin gwamnati, wanda ke hukunta mai satar fasaha, a same shi da irin wannan ba. Manhaja mai 'yanci ta kawar da wannan abin kunya gaba ɗaya, tun da yake kwafarta da raba ta halal ne a idon doka.

Harshen Hausa ma yana da rabo a zancen. Duk mai buga takarda ya san wahalar samun haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, har ta kai ana rubuta takardun hukuma ba tare da su ba, a bar mai karatu ya yi ta lalube tsakanin ƙafa da kafa. Kamfanin ƙetare zai fassara kayansa zuwa Hausa ne in ya ga riba, ya kuma daina in ribar ta ragu. A manhaja mai 'yanci kuwa ƙofar fassara a buɗe take ga kowa. Malaman Hausa da ɗalibansu a Gusau da Maru suna iya zama su fassara umarnin LibreOffice, su tara kalmomin da na'ura za ta riƙa gyara rubutu da su, ba tare da sun nemi izinin kowa ba, aikin kuma ya zama na Hausawa duka daga Kano har Maraɗi.

Bisa ga haka, akwai matakan da ya kamata a ɗauka tun yanzu. Na farko, ofishin Shugaban Ma'aikata tare da Hukumar Bunƙasa Fasahar Sadarwa ta Jihar Zamfara, wato ZITDA, su ƙidaya na'urorin gwamnati ɗaya bayan ɗaya, a san wace manhaja ke kan kowace, da ko tana da lasisi, da nawa ake biya a shekara. Na biyu, a kafa ƙa'ida cewa duk takardar hukuma za a ajiye ta a tsarin ODF, wanda hukumar daidaita ma'auni ta duniya ta amince da shi tun 2006, domin fayil ɗin filaye ko na fansho da aka rubuta yau ya buɗu bayan shekara talatin ko da kamfanin da ya yi manhajar ya shuɗe. Na uku, duk kwangilar da za a bayar ta rubuta manhajar albashi, ko ta haraji, ko ta asibiti, a rubuta a cikin yarjejeniya cewa rubutun asali da bayanan duka mallakar jiha ne, kada ɗan kwangila ya riƙe makulli ya riƙa karɓar kuɗin buɗewa kowace shekara. Abin da aka gina da kuɗin jama'a na jama'a ne. Na huɗu, a tabbatar kowane muhimmin bayani yana da kwafi a cikin jiha, wani kuma a rumbun gwamnati irin na Galaxy Backbone, kamar yadda ƙa'idojin hukumar NITDA na 2013 suka nemi a ajiye bayanan gwamnati a cikin ƙasa, kuma bisa Dokar Kare Bayanai ta 2023.

Na biyar, kada a yi gaggawa. Umarni na dare ɗaya cewa kowa ya canza shi ne hanya mafi sauƙi ta kashe shirin. A fara da LibreOffice a kan na'urorin da ake da su, ma'aikata su saba, sannan a zaɓi wurare kaɗan na gwaji, misali sashe ɗaya a sakatariyar ƙaramar hukumar Bungudu, da ɗakin kwamfuta na Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Tsafe, da makarantar sakandare ɗaya a Gusau. Na'urorin da Windows 11 ta ƙi a ɗora musu Linux a ba makarantu, maimakon a jibge su a sito har tsatsa ta ci su ko a yi gwanjonsu a kan kuɗin goro. Bayan shekara guda a auna sakamako a fili, a faɗi abin da ya yi kyau da abin da bai yi ba, a gyara, a faɗaɗa.

Manyan makarantu kuma nauyinsu ya fi na kowa. Bai isa a koya wa ɗalibi inda zai danna a cikin kayan kamfani ɗaya ba, a kira wannan ilimin kwamfuta. Makanikin da ya iya tuƙi amma bai taɓa buɗe inji ba direba ne. Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha da ke Gusau, wadda ke yaye malamai mata, da Kwalejin Abdu Gusau ta Talata Mafara, da jami'o'in da ke jihar, suna iya sa manhaja mai 'yanci a cikin darussansu ba tare da sun nemi ƙarin ko kwabo na lasisi ba. Ɗalibin da ya mallaki tsohuwar na'ura ta hannu yana iya karanta rubutun da manyan injiniyoyin duniya suka yi, ya gwada gyaransa, ya aika, in ya yi kyau a karɓa da sunansa a kai. Ba a tambayarsa garinsu, ba a tambayarsa ɗan wane ne. Ma'aikaci kuma, tun kafin gwamnati ta motsa, yana iya daina aika takardun sirri na ofis ta dandalin hira, ya daina ajiye fayil ɗin hukuma a asusunsa na kansa, ya kuma riƙa yin kwafi.

Ba a ce Zamfara ta yanke hulɗa da manyan kamfanonin duniya ba, domin ba zai yiwu ba, ba kuma zai amfane ta ba. Abin da ake nema shi ne ta shiga ciniki tana da zaɓi, domin mai saye da aka san ba shi da wata kasuwa ba ya taya farashi, sai dai a yanka masa. Jihar da aka ƙirƙiro ranar 1 ga Oktoba, 1996, ta ga yadda rayuwa ke tsayawa in an kashe makunni daga nesa, ta kuma ga yadda wa'adin wani kamfani ke mayar da dukiyarta tsohon ƙarfe. Wa'adin Windows 10 ya zo ya wuce, na wadda ta gaje ta ma zai zo a ranar da masu ita suka ga dama. Ba a fafe gora ranar tafiya. Alhakin yana wuyan Majalisar Dokoki, da Majalisar Zartarwa, da shugabannin ƙananan hukumomi goma sha huɗu, su sa wannan batu cikin kasafin kuɗi mai zuwa, su horar da 'ya'yan jihar da za su riƙe gatarin. Allah ya ba su ikon yin abin da zai amfani jama'a.